Hantar Layya a Tukunyar Tangaran

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun da na dawo daga Kwatano ta ƙasar Benin ban zauna a zaurena na Kebbe ba tare da wani ya nemi labarin tafiyar ba. Mai ɗaukar karatu sai ya rufe littafinsa ya ce a ba shi labarin teku. Mai zuwa gaisuwa sai ya gyara zama ya ƙi tashi. Da na ji labarin ya fara yin rassa a bakin mutane, har a kasuwar Tambuwal ana faɗin abin da ban gani ba, sai na ga ya fi dacewa in rubuta shi yadda ya faru, in huta.

Ɗana Sanusi ne ya matsa mini in je in yi Babbar Salla a wurinsa. Ya daɗe a can yana aikin fiton motoci a bakin teku, ya yi aure, ya hayayyafa, ni kuwa ban taɓa taka gidansa ba. Na amsa da murna, amma da sharaɗi guda. Tun ranar da na fara yanka layya ta kaina, ba na sa komai a baki ranar Idi sai na fara da hantar abin da na yanka. A hannun mahaifina na tashi na ga haka. Na san hukuncin abin sarai, malamanmu na mazhaba mustahabbi suka ce, ba wajibi ba. Sai dai rai ya saba, kuma ban taɓa ketawa ba, ko bayan da ciwon sukari ya same ni. Sanusi ya ce in kwantar da hankalina, ya yi tanadi.

Abokin tafiyata shi ne Alhaji Buba na Jabo, ɗan kawuna, wato taubashina, manomi kuma mai dabbobi. Da ya ji zan tafi sai ya ce ba zai bari a yaudare ni da ragon da ba a san abin da ya ci ba. Ya zaɓo wani farin balami da ya turke da hannunsa, ya ce da shi za a tafi, shi kuma zai bi don kada ni da ragon mu ɓata, tun da a faɗarsa ragon ya fi ni sanin hanya.

Daga Kebbe a kan babur na fito, ruwan farkon damina ya riga ya cinye gefen hanya, har sai da na sauka na taka a wurare. A tashar Tambuwal na iske Alhaji Buba yana jayayya da direba a kan inda za a sa ragon. Aka daidaita aka ɗaure shi a bayan mota tare da kaya. Ba mu kai Jega ba sai da ya zura kai ya cinye ƙunshin zogalen wata baiwar Allah. Alhaji Buba ya shiga ba ta haƙuri, ita kuwa ta ce ba komai, amma a sani ta shiga cikin ladan layyar nan, tun da ita ma ta yi kiwo. Aka juyo gare ni aka ce in yanke hukunci. Na ce rago ba a tarayya a cikinsa, amma ladan ciyar da dabba yana nan, ba mai hana ta. Motar ta ɗauki dariya, muka yi ta hira har muka haye kogin Kwara.

A kan iyaka mu mutane ba mu sha wuya ba, don Sanusi ya riga ya gaya mana takardun da za mu riƙe. Ragon ne aka tsare. Wani ma'aikaci ya tambayi shaidar lafiyarsa. Alhaji Buba ya ce a dube shi mana, ai lafiyarsa a jikinsa take. Aka dai kira likitan dabbobi, ya buɗe bakinsa, ya duba idonsa da kofatonsa, ya buga hatimi a wata takarda. Alhaji Buba ya karɓa yana juya ta, ya ce shi sai da ya yi furfura ya samu fasfo, ga rago ya samu nasa tun bai shekara biyu ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar Benin shi ne yadda Hausa ta ci gaba da yi mana aiki. Dendawa da Bargawa da Fulanin wurin, da wuya ka yi sallama ba a amsa maka da harshenka ba. A Kandi muka sauka a unguwar zango, gidan wani limami da ya ce kakanninsa daga Gwandu suka zo. Ya karɓe mu kamar ya san mu, ya jawo wasu mas'aloli na gado da suka dame shi muka duba tare, na tarar da mutum mai zurfin karatu da sauƙin kai. Aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki da wani soyayyen cukun madara mai jan baya wanda Fulaninsu ke yi. Na ci har na ji kunya. Da safe aka zo da shayi da burodi dogo siriri mai tauri. Alhaji Buba ya ɗaga nasa ya ce wannan ai sandar kiwo ce, in an rasa abin kora sai a kora da ita.

Daga Paraku zuwa kudu ƙasa ta sauya. Iska ta yi nauyi, jiki ba ya bushewa. Na ga ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi kamar yadda muke jera manja. Na ga mata suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya da kaya a gaba, ba wanda ya ko waiwaya. A Kwatano 'yan acaba duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, sun cika titi kamar an watsa su. Sanusi ya tarye mu, ya bi da mu ta bakin teku kafin gida. Na sauka na tsaya ina ta tasbihi. Alhaji Buba ya tambaya ko shanu na iya shan wannan ruwan, da aka ce masa gishiri ne sai ya ce to, yawan banza ne.

Matar Sanusi, Rahinatu, Badendiya ce, ma'aikaciyar jinya. Ta durƙusa ta gaishe ni har ƙasa da Hausa mai kyau. Amma tana miƙewa ta nemi in nuna mata magungunana, ta soki ɗan yatsana da wata 'yar na'ura ta auna sukari, ta jera mini abin da zan ci da wanda zan bari. A gida suruka ko idona ba ta iya kallo. Na dubi Sanusi, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Gidan haya ne mai katanga, tsakar gidan duk an shimfiɗa tayil. Alhaji Buba ya zagaya yana neman inda za a kafa tareni, wato yadda muke yi a ƙasar Sakkwato: a buɗe rago a tsire shi a kan sanduna, a jera a kewaye babbar wuta, ya yini yana gasuwa. Sanusi ya ce mai gidan ya hana hura wuta a ƙasa. Sannan ya kai mu ƙarƙashin wata rumfa ya yaye wani mayafi, yana kallon fuskata.

Na ga abu kamar ƙaton tulu a kan ƙafafun ƙarfe, kore, yana sheƙi irin na tangaran. Yumɓu ne aka gina aka gasa, kaurinsa ya kusa faɗin tafin hannu. Rabinsa na sama murfi ne mai nauyi da ke buɗewa kamar akwati. Akwai 'yar ƙofar iska a gindi, da wata a ƙoli, da wani abu kamar agogo a goshinsa mai nuna zafi. Sanusi ya ce saboda zuwana ya saye shi, don in ci hanta gasasshiya a kan gawayi kamar a gida. Wallahi na ji daɗi, na yi ta shafa shi ina sa masa albarka.

Ya nuna mana hanyoyin kunna shi, yana yi yana zumuɗi. Akwai wani naɗaɗɗen ƙarfe da ake sa wa lantarki a cusa cikin gawayi har ya yi ja. Akwai 'yan dunƙulen dusar katako da kaki, a binne ɗaya a tsakiyar gawayi a ƙyasta masa ashana. Akwai kuma dogon gwangwani mai mariƙi da huji a gindi, a cika shi da gawayi, a kunna takarda a ƙarƙashinsa, in ya kama a juye. Abu ɗaya ya ja mana kunne a kai: kada kananzir ko fetur ko leda su kusanci tukunyar, don yumɓu yana shan wari, in ya sha kuwa duk naman da aka gasa a ciki sai ya fito da shi, har abada. Alhaji Buba ya ce, "Wagga tukunya 'yar sarauta ce, Malam. Mu da muka tashi ga leda da kananzir, ba mu isa mu yi mata hidima ba."

Ranar Salla aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan asuba na haɗiye ƙwayar maganina kamar kullum, ban yi tunanin komai ba. Muka je Idi da lema, aka yi salla a cikin wani babban masallaci saboda ruwan, liman ya yanka, muka dawo na yanka nawa. Har nan komai daidai.

Sai al'amura suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. Lantarki ya ɗauke tun da ruwan ya sauko, wato ƙarfen kunnawa ya zama ƙarfe kawai. Gas ɗin kicin ya ƙare daidai lokacin da Rahinatu ta gama cika fulas da shayi, mai kawo musu kuma ya tafi ƙauyensu Salla. Da Sanusi ya shiga ɗakin ajiya ɗauko gawayi sai ya tarar da kashin rago a wurin. Ashe da hadari ya taso ran jajibere, Alhaji Buba ya ji tausayin balaminsa, ya fitar da buhun gawayi ya jingine a bango, ya shigar da ragon ciki. Buhun ya kwana yana shan ruwa. Na ce masa ya kyauta, ya ceci rago daga mura ana gobe za a yanka shi. Ya ce in bar shi, ni da ban taɓa kiwon ko kaza ba.

Ana cikin haka Rahinatu ta ji cewa na sha maganin ban ci komai ba. Fuskarta ta sauya. Ta bayyana mini cewa ƙwayar nan tana sauke sukari ne, in ba abinci a ciki tana iya kayar da mutum. Ta zo da kofin shayi mai sukari. Na roƙe ta ta ba ni lokaci. Ta ce, "Baba, zan jira. Amma in na auna na ga ya sauka, ko hannunka ya fara rawa, za ka sha, da hanta ko babu. Ka yi mini alkawari." Na san gaskiya a wurinta take, don kare jiki wajibi ne, kuma ba a barin wajibi saboda mustahabbi. Ni da kaina na sha karantar da haka. Na yi mata alkawari.

Alhaji Buba ya kama fiɗa, ni da Sanusi muka duƙufa a kan tukunya. Sanusi ya binne dunƙulen kaki ya kunna, ya ci ya cinye, gawayin ko gezau. Ya sa wani, haka, har suka ƙare. Ya cika gwangwani ya kunna takarda da ya shafa wa man gyaɗa, hayaƙi fari ya turnuƙe rumfar, muka yi ta tari, wuta ba ta kama ba. Ban ankara ba sai ga Alhaji Buba ya dawo daga waje da kwalbar fetur, hannunsa duk jini, ya nufi tukunyar kai tsaye. Sanusi ya tare shi ya riƙe kwalbar da hannu biyu. Ban taɓa ganin yaron nan ya sha gaban babba ba sai ranar.

"Baffa, don Allah," in ji shi.

"Mi kaka tsoro? Ɗigo guda nika sawa. Ubanka na shirin faɗuwa, kai kana ta tukunya."

Na ce a ajiye kwalbar. Ba don tukunyar kaɗai ba: naman nan na mutane ne, za a raba, ba zan aika wa kowa layya mai warin fetur ba.

Na tsaya ina kallon gwangwanin nan mai mariƙi, sai na ce wa Sanusi, to me ya hana a ɗebo wuta a maƙwabta? A gida in murhu ya mutu, ai kasko ake ɗauka a shiga gidan kusa. Ya ce nan ba a yin haka, kowa da ƙofarsa a kulle, shi ko sunan na jikin katangarsa bai sani ba. Wannan magana ta fi jiƙaƙƙen gawayin ɓata mini rai, amma na bar ta sai wani lokaci. Na zazzage gwangwanin, na riƙe shi, na tattare babbar rigata na fita. Sanusi ya biyo ni da lema yana kira na.

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa, kare ne ya amsa, da murya irin wadda ba ta bukatar tafinta. Ta biyu ba kowa. Sai a bakin mararraba na hango hayaƙi. Wata dattijuwa ce mai gasa masara, da ɗan gicciye a wuyanta, tana tattara kayanta saboda yayyafi ya dawo. Na yi mata sallama, ba ta ji harshena ba, ni ma ban ji nata ba. Na miƙa gwangwanin na nuna murhunta. Ta dube ni, ta dubi rawanina, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Sanusi ya fassara mini cewa ta ce haka ake yi a ƙauyensu tana yarinya, amma tun da ta zo birni ba wanda ya taɓa roƙonta wuta sai yau. Ta kwashe garwashinta kaf ta zuba mini, ta ƙara da ragowar busasshen gawayinta a ƙulle.

Muka juyo da sauri. Sanusi ya rasa wanda zai rufa wa lema, ni ko wutar. Na ce ya rufa wa wuta, ni na sha dukan ruwa tun ba a haife shi ba. Haka muka ratsa unguwar, tsoho da rawani yana ɗauke da gwangwanin garwashi, mutane suna leƙowa ta saman bene. Ƙafafuna sun fara nauyi, amma murna ta hana ni kula.

Sanusi ya kwashe jiƙaƙƙen gawayin daga tsakiya ya jera shi a gefe don ya bushe da zafi. Ya juye garwashin a gindi, ya ɗora busasshen a kai, ya buɗe ƙofar ƙasa gaba ɗaya, ya buɗe ta sama, sannan ya sauke murfin. Alhaji Buba ya yar da wuƙa ya taso da faifai, yana cewa wa ya taɓa rufe wuta tana jaririya, a buɗe ya yi mata fifita. Sanusi ya ce wannan ba ta son fifita daga sama, da kanta take jan iska ta ƙasa ta fitar ta ƙoli. Na kara kunnena kusa da 'yar ƙofar, sai na ji wani gurnani a hankali kamar zugazugin maƙera. Hayaƙin ya tashi daga fari ya koma siriri, allurar agogon ta fara motsi. Na yi kabbara, jikokina suka taya ni ba tare da sun san dalili ba.

Daidai nan Alhaji Buba ya ciro hantar. Aka yanka ta, aka barbaɗa gishiri, aka shimfiɗa a kan ragar ƙarfe aka rufe, Sanusi ya rage ƙofofin iska don kada ta ƙone. Ƙamshi ya fara fita. Ni kuwa zufa ta karyo mini, na ga tasbahar hannuna tana kaɗawa ba ni nake kaɗa ta ba. Na sa hannun cikin riga. Rahinatu ta gani. Ta zo ta durƙusa a gabana da na'urarta da kofin, ta soki yatsana, ta duba, ta ɗago kai.

"Baba, alkawari."

Alhaji Buba ya ji. Ya yi tsalle ya kama murfin ya wangale shi gaba ɗaya. Ashe irin wannan tukunya in ta yi zafi a rufe, ɗagawa ake yi kaɗan a bar iska ta shiga sannu kafin a buɗe. Wuta ta yi bal ta taso masa a fuska. Ya ja da baya yana salati yana kakkaɓe gemu, warin ƙonannen gashi ya gauraye da ƙamshin nama. Allah ya tsare idonsa, amma rabin gemun ya tafi.

Ni a lokacin na riga na karɓi kofin. Na yi niyyar sha, don na yi alkawari, kuma na san abin da ya hau kaina. Na yi bisimilla na kai shi baki. Sai na ji an riƙe mini hannu. Sanusi ne, ya tsire wani yanki na hantar a bakin wuƙa, bayansa ya yi baƙi, cikinsa na tururi, yatsunsa sun yi ja don da su ya ciro shi. Ya sa mini a baki kamar yadda nake sa masa yana ƙarami. Ya ƙona mini harshe, da toka a jikinsa, ban kuma taɓa cin hanta mai daɗinta ba.

Rahinatu ba ta motsa ba. Ta ce hanta ba ta tayar da sukari, saura shayinta. Na shanye shayin nan tas a gabanta, ta karɓi kofin ta leƙa ciki kafin ta tashi.

Sauran naman a tukunyar aka gasa shi, ya yi laushi har Alhaji Buba ya yarda, da rabin baki, cewa 'yar sarautar ta iya aiki. Washegari na ɗauki ƙafar gaba na kai wa mai masara da hannuna. Na san saɓanin malamai a kan ba wanda ba Musulmi ba naman layya, na bi waɗanda suka sauƙaƙa. Kafin mu taso kuma sai da na sa Sanusi ya bi gidajen layinsu da kwanon nama, har gidan mai karen, ya dawo da sunayen mutane a bakinsa.

Wannan shi ne abin da ya faru, duk wanda ya ji ƙari a kansa ba daga gare ni ba ne. Allah ya karɓi ibadarmu, ya saka wa wanda ya ɗebar mana wuta da alheri, ya shirya mana zuriya, ya kuma mayar wa Alhaji Buba da gemunsa, don har yau in zai shiga kasuwar Jabo sai ya ja rawani ya rufe haɓa.